Wuyansa bai sanƙare ba, me ya sa likita ke zargin sanƙarau?

Tambaya: Likita, ɗana mai wata 8 ya kwana da zazzaɓi, ya ƙi mama. A asibiti an taɓa maɗigarsa, an ɗaga kansa, an lanƙwasa ƙafafunsa, sai aka ce za a ɗebi ruwan bayansa. Kakarsa ta hana, wai wuyansa lafiya lau. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki lallashi kakar tasa, ku koma asibiti yau ɗin nan, kada ku kwana.

Duban sanƙarewar wuya da ta sani ya fi aiki ga yaron da ya tasa. Ana kwantar da shi rigingine, a tallafi ƙeyarsa a kai haɓa ga ƙirji. Idan wuyan ya ƙi, ko gwiwoyinsa suka naɗe da kansu, alama ce. Haka kuma idan aka ɗaga cinya aka nemi miƙe gwiwa ya yi ƙara don zafi. To amma jaririn da bai kai wata 18 ba, sau da yawa sanƙarau kan kama shi wuya na juyawa yadda aka so. Shi ya sa muke duban maɗiga: a zaunar da shi lokacin da ba ya kuka, idan ta kumbura ta yi tauri, hankalinmu ya tashi. Sai ƙin mama, kuka mai tsini, yawan barci, taune-taune, da jaririn da kukansa ke ƙaruwa idan an ɗauke shi.

Mukan kuma nemi ɗige-ɗigen jini da ba su ɓacewa idan an danna su da kofin gilashi. A baƙar fata da wuya a gan su, sai a tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido.

Duk wannan zargi kawai yake kawowa. Ruwan bayan ne ke tabbatarwa, kaɗan ake ɗiba, kuma allurar tana shiga ƙasa da inda lakar ta ƙare, ba ta gurgunta yaro kamar yadda ake yaɗawa. Ko gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, bai wanke shi ba, biyun kan haɗu.

Mu nan Sakkwato ba mu manta 2017 ba, lokacin da sanƙarau nau'in C ya ratsa mu da Zamfara cikin bazara. Cutar kan yi kisa cikin kwana guda, don haka ba a jiran sakamako kafin a fara allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cutar. Bayan ya warke, ki nemi a gwada jinsa, saboda sanƙarau kan bar kurumta.