Amsa ga ƙanwar da rigimar shugabanci ke neman raba ƙungiyarsu kafin gasa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki. Ku biyar ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kun shiga gasar tsara sana'a da shirin kunun aya na gora, mutum biyu kowa na son shugabanci, ɗaya kuma ba ya zuwa taro sai an yi ta kiransa. Kina son sanin wa za a ba ragama, da abin da zai sa shirinku ya fita daban. Na shiga irin wannan gasa ina ɗalibi, daga baya na riƙa taya ƙanne haɗa dosiye, to bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Biyun nan da ke ja-in-ja, kuɗin da ba a ci ba tukuna suke wa faɗa, ko da su kansu ba su furta ba. Kowa na lissafi a ransa cewa wanda aka kira shugaba shi zai sa hannu ya karɓi kyauta, sunansa zai hau takarda, shi za a ɗauka hoto. Lissafin kuma ba na banza ba ne. Dubi shirin gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka jarin dalar Amurka 5,000 tun 2015: da sunan mutum ɗaya ake cika takarda, ko ku nawa ne a bayansa. Saboda haka kafin ku sake ta da zancen shugaba, ku zauna ku rubuta abin da kunya ke hana ku faɗa. In an ci, kuɗin ina za su shiga, kuma sai da hannun mutum nawa za a fitar? Kason kowa nawa ne? In ɗaya ya tafi Yamai ƙarin karatu, ko aka ɗaura wa ɗaya aure, a mayar masa da me? Ran da za a je neman NIF, wato lambar haraji, da rajistar kasuwanci, sunan wa za a sa? Ku sa hannu ku biyar, malami ɗaya ko wani dattijo ya zama shaida.

Wani zai ce wannan rashin yarda ne. Ku tuna masa da Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta faro da matan karkara a nan jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Akwatinsu kwaɗo uku gare shi, makullai a hannun mata uku, kuma a gaban kowa ake ƙirga kuɗi da babbar murya. Ƴan'uwa ne da maƙwabta, sun san juna tun ƙuruciya, amma ba su bar wa zumunci riƙon akwati ba. Na sha ganin mai zafin neman shugabanci ya huce da zarar ya gane kujerar ba ta haɗe da makulli.

Sai zaɓen. Ayyuka biyu ne kuke haɗawa wuri guda: mai tsayawa gaban alƙalai ya yi bayani, da mai riƙon ƙungiya yau da kullum. Na farko baki yake so da ƙarfin zuciya. Na biyu shi ne wanda ke tuna wa kowa ranar taro, ya san inda aka kwana, ya iya gaya wa abokinsa "aikinka bai yi ba" ba tare da an kwana da gaba ba. Da wuya ki samu biyun a jikin mutum ɗaya, kuma tunda kuna da masu so biyu, kun ga ai an raba gardama.

Akwai wata ƙungiya da na taya shiri, ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mai magana da yawunsu yaro ne mai Faransanci kamar ruwa, ya ƙare bayani har da tafi. Sai wani alƙali, dattijo ɗan kasuwa, ya cire tabarau ya tambaye shi da Hausa: "Tiya nawa ta gyaɗa ke ba ku lita ɗaya, kuma nawa kuke biyan mai injin niƙa?" Yaro ya waiga baya. Wata yarinya da ba ta ce uffan ba tun farawa ta zaro kaye, wato littafin rubutu, daga jaka, bangonsa duk tabon mai, ta karanto farashin watan kaka da na bazara, har da kuɗin kabu-kabun da ya kai buhu gida. Tambayoyin da suka biyo baya duka ita aka riƙa kallo. Ku duba cikinku wa ke riƙe da irin wannan kaye. Wataƙila ma ke ce, tunda ke abin ya dama har kika yi tambaya.

Shi wanda ba ya zuwa, a fara jin dalilinsa a keɓe. Ɗalibai da yawa da yamma suke neman na abinci, wasu da damina ta faɗi sai gona. A ba shi aiki guda da ranar kawowa, misali farashin gora da leda a kasuwa. In ya kawo, naku ne. In bai kawo ba, takardarku ta riga ta faɗi hukunci.

Batun fita daban kuwa, a nan zan ɗan matsa muku. Kunun aya ba sabon abu ba ne, kowace tasha akwai mai sayar da shi a cikin kula. Matsalarsa kowa ya sani: ba ya kwana in babu sanyi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Alƙalai ba su manta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu firigo suka ɗanɗana kuɗarsu. In shirinku duka ya rataya a kan firigo, tambayar farko ke nan, kuma zane mai kyau a jikin gora ba zai amsa ta ba. Dabararku ta fito daga wannan matsalar. Za a iya busar da aya a niƙa, a haɗa da dabino da citta a ƙulla a leda, mai saye ya dama da kansa? Wata nawa garin ke yi bai canza wari ba? Ku gwada a gida, ku rubuta ranar da kuka ƙulla a jikin kowace leda. Ayar ma a ƙofarmu take, jihar nan ce kan gaba wajen nomanta a Nijar. Ku je Cadawa ko Agye ranar kasuwa ku ji farashin buhu da kunnenku, ku tambayi dillalai yadda yake tashi bayan kaka.

Kuma don Allah kar ku rubuta "za mu sayar a Katsina da Kano" haka kawai don dosiye ya yi nauyi. Iyakar Ɗan Isa da Jibiya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, ta sake rufewa a 2023, ga canjin naira da sefa da ba ya zama wuri ɗaya. Ku fara da unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho na nan Maraɗi da ƙofar jami'arku.

Kafin ranar gasa ku sayar, ko leda ashirin ce. Ku harhaɗa jika biyu-biyu, ku fita babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a, ɗaya na sayarwa ɗaya na rubuta abin da masu saye suka ce, har wanda ya tofar ya ce sukari ya yi yawa. Sannan ku sami wani Alhaji a rumfarsa, ku yi masa bayanin shirin da Hausa cikin minti uku. Inda ya katse ku ya ce "to ribar fa?", nan ne gyaranku yake.

In kun fitar da lissafin abin da leda ɗaya ke tashi muku, turo mini in duba kafin ku miƙa. Ki gaida sauran, Allah ya ba da sa'a.