Wayar wilin keke tana yawan tsinkewa, a ci gaba da gyara?

Malam, ka ce wayoyi uku sun tsinke a wilin bayan kekenka cikin wata guda, kuɗin gyara kuma ya fara isarka. Na sha wannan lokacin da nake ɗauko buhun albasa daga Kasuwar Kara a nan Sakkwato.

Wilin keke yawanci wayoyi 36 ne ko 32. Ɗaya ta tafi, na kusa da ita ke ɗaukar nauyinta, shi ya sa suke bin juna. Duba da kyau, daga lanƙwasar nan ta wajen cibiyar wili suke karyewa, galibi ta ɓangaren sarƙa. Wayar kanta ba tsada, aikin ne kuɗin, don sai an kwance firiwil, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a wilin baya, kafin sabuwa ta shiga.

Tunda har uku ne, daina canza ɗaya-ɗaya. Ka sa mai gyara ya sake saƙa wilin gaba ɗaya, ku yi ciniki tun kafin ya taɓa. In ya gama, juya wilin a gabansa, ka ga ko yana goga birki. Yanzu dai naɗe tsinkakkiyar a jikin maƙwabciyarta, ka rage kaya.