Me masu sharhi ke dubawa a wasan cike gurbi, kuma zai yiwu da Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Gombe. Kullum da safe nakan yi wasan cike gurbi na Turanci a wayata, wanda kalmomin kwance da na tsaye ke gitta juna. Nakan ga masu sharhi suna cewa jigon na yau ya yi kyau, na jiya bai yi ba. Me suke dubawa? Kuma zan iya tsara wa ɗalibaina irinsa da Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai.

Wasan ya haura shekara ɗari. Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ta Ingila, shi ya fitar da shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Wanda aka fi yi wa sharhi a yau shi ne na New York Times, da ya fara a 1942. Nasu yana da gurbi 15 a kwance, 15 a tsaye, na Lahadi kuma 21. Na Litinin ne mafi sauƙi, yana ta ƙara tauri har Asabar, kuma na Juma'a da Asabar galibi ba su da jigo. Saboda haka kowace rana da mudun da ake auna ta.

Jigo shi ne zaren da ya ɗinke dogayen amsoshin, uku zuwa biyar yawanci. Abu na farko da mai sharhi ke dubawa shi ne ko zaren ya tsinke a wani wuri. A ce jigonki ƙananan hukumomin Gombe ne, kin sa Kaltungo, Funakaye da Balanga, sai ta huɗu kika sa Azare. To jigo ya karye, domin Azare gari ne a jihar Bauchi. Billiri ce ta dace, kuma ga dalili na biyu: ƙa'idar zanen ita ce in an juya takarda sama ta koma ƙasa, baƙaƙen gurabe su faɗa inda suke. Dole ke nan dogayen amsoshi su zo bibbiyu, tsawonsu ɗaya, in ban da wadda ta zauna a layin tsakiya. KALTUNGO da FUNAKAYE harafi 8 kowacce, BALANGA da BILLIRI 7.

Daga nan sai gajerun kalmomin da aka cike sauran wurin da su. A nan ni nake tsananta hukunci. Duk kyan jigo, in sunan wani kogi da ba wanda ya taɓa ji ya gitta sunan wani mawaƙi da ba a sani ba, mai wasa ba shi da hanyar gano harafin tsakiya sai canki-canka. Wannan rashin adalci ne gare shi. Ishara, wato tambayar da ke nuni ga amsa, ta wahalar da mutum ba laifi, amma idan amsa ta bayyana ya kamata ya ce "ashe!", kada ya ce "ta yaya?"

Wanda masu sharhi ba sa gajiya da ambatonsa shi ne na ranar zaɓen Amurka a 1996, wanda Jeremiah Farrell ya tsara. An tambayi babban labarin jaridar gobe, aka bar gurbi bakwai da CLINTON zai shiga, BOB DOLE, abokin takararsa, ma zai shiga, kuma duk kalmomin da suka gitta su sun amsa kowanne. Ɗaya daga cikin isharorin baƙar dabba take nema, alhali a Turanci harafin farko kaɗai ya raba sunan mage (CAT) da na jemage (BAT).

Da Hausa kuwa zai yiwu, amma kada ki ɗauko zanen Amurka, inda kowane harafi sai kalma biyu sun ratsa shi. Na taɓa gwadawa a littafin lissafi mai gida-gida. Layukan kwance suka zauna daram, da na duba layin ƙarshe na dama sai na ga A, I, A, U, A a jere. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma ba doguwar kalmar da za a gina da wasula zalla. Irin su mutum, tebur, fensir, ƙirin da tsaf sukan cece ki, sai dai ba su da yawa. Zanen Ingila ya fi karɓar mu, irin na jaridar The Times da ta fara nata a 1930, inda kusan rabin haruffa ne kawai ake gittawa.

Ki yanke hukunci tun farko kan sh da ts, gurbi ɗaya za su ci ko biyu, ki rubuta a saman takarda. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ba sassauci: ƙ ba za ta gitta k ba, tunda baki daban, baƙi daban. Ɗalibanki za su koyi ƙa'idar rubutu a nan ba tare da bulala ba.

Wajen ishara muna da arziki. Tunda boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, GARI zai zama "ana zama a cikinsa, ana kuma tuƙa tuwo da shi", WUYA kuma "tana gajiyar da mutum, ana kuma rataya masa sarƙa". Ga kacici-kacici: "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ya ba ki TSINTSIYA.

Ki fara da gurbi 9 a kwance, 9 a tsaye. Ki dasa kalmomin jigo tukuna, sannan baƙaƙen gurabe, isharori a ƙarshe. Kafin ki kai aji, ki ba wata malama a ofishinku ta cike da fensir kina kallo, duk inda kika ga ta tsaya tana gogewa ki sa alama ki gyara.