Tambayoyin Masu Karatu: Kuɗin Ajiye Mota da Giɓin Kasafin Ƙananan Hukumomi a Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani gari na Ingila, kuma a bana majalisar ƙaramar hukumarmu ta ƙara kuɗin ajiye mota, ta soke awa ɗaya ta kyauta da muka saba da ita a tsakiyar gari, sannan ta ce daga yanzu har ranar Lahadi sai an biya. Hujjar da ta bayar ita ce kasafin kuɗinta yana da giɓi. Shin doka ta yarda a cike giɓin kasafi da kuɗin masu motoci, kuma ina kuɗin nan suke tafiya?
Daga wani mai karatu a Ingila.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a ce doka ta yarda ko ba ta yarda ba, sai an san inda kake ajiye motar, domin hukuncin gefen titi daban yake da hukuncin filin ajiye motoci mallakar ƙaramar hukuma.

Abin da ya shafi gefen titi yana ƙarƙashin dokar tsara zirga-zirgar ababen hawa ta shekarar 1984. Wannan doka ta ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗi ne saboda rage cunkoso da kuma raba ɗan wurin da ake da shi tsakanin masu buƙata, ba ta ba su ikon mayar da titi gonar haraji ba. Sashe na 55 ya wajabta buɗe wa kuɗin asusu na musamman, kuma idan an biya ma'aikata da sauran ɗawainiya aka sami rara, to an lissafa inda za a kashe ta: samar da wuraren ajiye motoci, tallafa wa motocin haya na jama'a, gyaran hanyoyi da kyautata muhalli. Kuɗin tarar da ake ci wa masu karya ƙa'ida ma a wannan asusu suke shiga.

An taɓa gwada ƙarfin wannan doka a gaban shari'a. Ƙaramar hukumar Barnet da ke arewacin Landan ta ɗaga kuɗin takardar izinin ajiye mota a gefen titi da mazauna unguwa ke saya duk shekara daga fam 40 zuwa fam 100, takardar baƙo kuma daga fam 1 zuwa fam 4. Wani mazaunin yankin ya garzaya babbar kotu, kuma a watan Yulin 2013 kotun ta yanke cewa ƙarin ya saɓa wa doka. Abin lura a shari'ar shi ne, Barnet ta yi niyyar kashe kuɗin ne a kan gyaran hanyoyi da rangwamen kuɗin mota, waɗanda duk halal ne a sashe na 55, amma kotu ta ce idan rara ta zo da kanta babu laifi a kashe ta a can, laifin shi ne a tsayar da farashi da gangan domin a samo rarar.

Filin da ƙaramar hukuma ta mallaka kuwa, ko na ƙasa ne ko mai hawa-hawa, igiyarsa ta fi sako-sako, domin rarar kuɗin da masu motoci ke biya a can tana iya shiga babban asusun hukumar a yi kowace hidima da ita. Shi ya sa za ka ga idan aljihu ya yi zafi, can aka fi kai hannu. Kuma ko a gefen titin ma, katangar da doka ta gina ba ta hana ruwa wucewa ta ƙasa: duk fam ɗin da rara ta biya na gyaran hanya, ya sauke wa babban asusu nauyin fam ɗaya ke nan, wanda za a karkatar wani wurin.

Batun giɓin da suka ambata maka kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya bayyana a 2018 cewa tallafin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi, wato kashi 49 cikin 100, daga shekarar kuɗi ta 2010 zuwa ta 2017, idan aka yi la'akari da hauhawar farashi. A daidai wannan lokaci ɗawainiyar da doka ta ɗora musu, wadda ba su da ikon kaucewa, sai ƙaruwa take yi: kula da tsofaffi da masu naƙasa, kare yaran da ke cikin haɗari, da samar wa marasa matsuguni masauki na wucin gadi. Harajin gidaje, wanda shi ne babbar ƙofar shigar kuɗinsu, an ɗaure shi: a 'yan shekarun nan hukumar da ke ɗauke da nauyin kula da gajiyayyu ba ta iya ƙara shi ya kai kashi 5 cikin 100 sai ta kira ƙuri'ar raba-gardama ko ta sami izini na musamman daga gwamnati. A kan wannan kuma doka ta hana su gabatar da kasafin da kashewa ta zarce samu. Wadda ta kasa, jami'in kuɗinta zai fitar da sanarwar sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988, a dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi da ba na dole ba. Haka ta faru da Northamptonshire a 2018, da Croydon a 2020, da Slough a 2021, da Thurrock a 2022, sannan Woking da Birmingham da Nottingham duk a 2023. Adalci ne a faɗi cewa ba dukkansu ne rage tallafi kaɗai ya kayar ba. Woking bashin gine-gine ne ya danne ta, Birmingham kuma ta haɗu da bashin daidaita albashin mata da na maza da kuma sabon tsarin kwamfuta da ya ci kuɗi bai yi aiki yadda aka so ba.

A ganina kansilolin da suka fito fili suka ce don giɓi suka yi ƙarin sun fi masu fakewa da kare muhalli gaskiya, sai dai idan ƙarin ya haɗa da gefen titi, to da bakinsu suka ba da hujjar da ta kayar da Barnet. Ka nemi rahoton da aka gabatar wa majalisa kafin yanke shawarar, ka kuma duba asusun ajiye motoci, wanda ƙa'idar bayyana gaskiya ta 2015 ta wajabta musu wallafa shi duk shekara.

TAMBAYA: Ina da ɗan shago a babban titin garinmu a Ingila, kuma tun da aka ƙara kuɗin fakin ciniki ya ja baya. Me zai hana a bar wurin kyauta gaba ɗaya?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Kukanki yana da tushe, kuma ba ke kika fara shi ba, domin rahoton da Mary Portas, masaniyar harkar kasuwanci, ta rubuta wa gwamnati a 2011 a kan mutuwar kasuwannin tsakiyar gari ya ba da shawarar a samar da fakin kyauta mai ƙayyadadden lokaci. Idan a bayan gari akwai katafaren kanti mai faffaɗan fili da ba a biyan ko sisi, kowane ƙari a tsakiyar gari tamkar kora masu sayayya ne zuwa can.

Amma kyauta gaba ɗaya ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar karɓar kuɗin ajiye mota ta farko an kafa ta ne a birnin Oklahoma na Amurka a 1935, kuma abin da ya haife ta shi ne ma'aikata kan mamaye ƙofar shaguna da motocinsu tun safe har yamma, mai sayayya ya zo ya rasa inda zai tsaya. Landan ta bi sahu a 1958. Marigayi Farfesa Donald Shoup na jami'ar Kaliforniya a Los Angeles, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan fanni, ya ce farashin da ya dace shi ne wanda zai sa kusan kashi 85 cikin 100 na guraben su cika, ta yadda duk wanda ya iso zai tarar da gurbi ɗaya ko biyu a buɗe. Wannan ma'auni kaifi biyu gare shi. Idan titinku a cike yake maƙil, kuɗin yana yi miki aiki ne, domin yana sa mota ta tashi wata ta zo. Idan kuwa rabin filin wayam yake da tsakar ranar Asabar, to farashin ya wuce kima, kuma hukumar tana iya tashi a tutar babu, ba ta sami kuɗin da ta yi hasashe ba, ga shaguna sun rufe.

Saboda haka shawarata ita ce ku 'yan kasuwa ku haɗa kai ku nemi alƙaluman yawan tikitin da aka sayar kafin ƙarin da bayansa, wanda dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba ku damar nema, kuma a ƙa'ida ana amsawa cikin kwanakin aiki 20. Ku je da buƙata ƙwaya ɗaya mai yiwuwa, kamar maido da rabin awa ko awa ɗaya ta farko kyauta, a ƙara wa masu yini. Lokacin yin hakan shi ne sa'ad da ake neman ra'ayin jama'a a kan daftarin kasafi, kafin a zartar da shi a watan Fabrairu ko farkon Maris.

TAMBAYA: An liƙa mini takardar tara bayan lokacin da na biya ya wuce da 'yan mintoci. Dole ne in biya?
Daga wani mai karatu a arewacin Ingila.

AMSA: Malam, ka duba lokacin da aka rubuta a takardar. Tun daga Afrilun 2015, a wuraren ƙananan hukumomin Ingila akwai sassaucin minti 10 bayan ƙarewar lokacin da aka biya, kuma tarar da aka rubuta a cikin waɗannan mintoci ba ta inganta ba. A wajen Landan tarar yawanci fam 50 ce ko 70 gwargwadon laifin, kuma ana yafe rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14. Idan kana da hujja, ka fara rubuta wa hukumar ƙorafi kafin ka biya, tare da hoton tikitinka, in ta ƙi kuma akwai kotun sauraron ƙorafin tara mai zaman kanta wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a gabanta. Wannan bayani bai shafi filayen kamfanoni masu zaman kansu ba, domin su ƙa'idarsu da hanyar ɗaukaka ƙararsu daban ne.