Sansanin hutu zai taimaki yaron da ya taso yana ganin ana dukan mahaifiyarsa?

Tambaya: Salam Malama. Ƙanwata ta rabu da mijinta bayan shekaru yana dukanta, yanzu tana wurina ita da ɗanta mai shekara 10. Yaron ba ya son magana, ƙofa in ta bugu da ƙarfi sai ya zabura, ga shi ya fara cin zalin ƙananan yara. Wata ƙungiya ta ce za ta kai shi sansanin yara na sati ɗaya a dogon hutu, daga baya a haɗa shi da wani babba da zai riƙa jan sa a jiki. Anya zai yi amfani kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya saka miki da kika riƙe su. Eh zai iya amfani sosai, amma ni hankalina ya fi karkata ga babban nan da za a haɗa su fiye da satin sansanin.

Zaburar da kike gani jikinsa ne bai san an bar gidan ba. Yaron da ya saba jin ihu cikin dare kullum a shirye yake, yana karanta fuskar duk wanda ya shigo, yana sauraren takun ƙafa, barcinsa ma rabi da rabi ne, ko da shi ba a taɓa ɗaga masa hannu ba. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta yi da cibiyar kiwon lafiya ta Kaiser Permanente daga 1995 zuwa 1997 kan mutum sama da 17,000 ya sa ganin ana dukan uwa cikin masifun ƙuruciya da ke bin mutum har girma, yawansu na ƙara haɗarin ciwon damuwa da shaye-shaye har da ciwon zuciya. Haɗari fa aka ce, ba wai kowane yaro sai ya faɗa ba.

A sansani yaro yakan samu kwana bakwai da ba shi ne mai gadin uwarsa ba. Lokacin ci da barci ba ya canzawa, manya ba sa daka tsawa, ya hau igiya ƙafarsa na rawa ya kai sama a tafa masa, kuma ya gano ashe ba gidansu kaɗai ba ne. Sansanin Camp HOPE da aka fara a birnin San Diego na Amurka a 2003 saboda irin yaran nan haka suke yi, kuma suna ci gaba da haɗuwa da yaran cikin shekara, don sun san sati ɗaya ba ya isa.

To a nan gizo ke saƙar. Nazarin da Grossman da Rhodes suka fitar a 2002 kan shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, mai haɗa yaro da babba ya zama jagoransa, ya nuna yaran da alaƙarsu da jagoran ta kai shekara su suka fi ƙaruwa, waɗanda tasu ta mutu kafin wata 3 kuwa baya ma suka ci, har darajar kansu ta ragu a idonsu. Kin ga yaron da uba ya riga ya ba shi kunya, wani ya zo ya yi masa alkawarin Asabar sannan ya ɓace, ai fami ne. Don haka ki tambaye su kai tsaye mutumin zai iya shekara? In ba zai iya ba gara kar a fara.

Sauran tambayoyin kar ki ji nauyi: ya suke tantance ma'aikata, ana barin babba ɗaya ya keɓe da yaro, waye ke da izinin ɗaukarsa, kuma dan Allah ban da sa hotonsa a Facebook, ta nan uban zai iya gano inda suke. Kar kuma a tilasta masa ba da labarinsa gaban jama'a.

Ku tambayi yaron ko yana son zuwa, zai iya ƙi don tsoron abin da zai samu mamansa in ba ya nan, sai ita da bakinta ta faɗa masa wurin wa za ta zauna da ranar da za ta zo ɗaukarsa. Idan akwai mugun mafarki, fitsarin kwance da ya dawo, ko maganar cutar da kansa, wannan aikin likitan halayyar yara ne, ku kai shi tun kafin hutun.