Ku Tambaya: Shin yoga za ta taimaka wa mai ciwon baya da hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ce, shekaruna 46, kuma kusan kullum a kan keken ɗinki nake yini. Shekara biyu ke nan ƙuguna yana damuna, sannan ina shan maganin hawan jini. 'Yata ta nuna mini bidiyon yoga a waya ta ce in gwada, amma na ga iri-iri ce, wasu har da tsayuwa da ka. Da gaske tana da amfani, kuma wace iri ce ta dace da ni? Na kuma ji ana cewa bautar Indiyawa ce. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Yoga ta samo asali ne daga ƙasar Indiya, kuma abin da ya yaɗu a duniya a yau ya haɗa abubuwa uku: miƙa gaɓoɓi da riƙe jiki a wani yanayi na ɗan lokaci, sarrafa numfashi, da kuma natsar da zuciya. A watan Disamba na 2014 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni domin tunawa da ita, abin da ya ƙara mata farin jini.

Game da amfaninta, ciwon irin naki na daga cikin wuraren da aka fi bincika. A shekarar 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kafin magani ga mai ciwon ƙugu da ya daɗe. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san zaman ɗinki: doguwar sunkuya tana sa tsokar cinya da ta kwankwaso su ɗaure, tsokar ciki kuma ta yi sanyi, sai nauyin jiki ya koma kan ƙasan baya. Miƙa jiki a hankali yana saki waɗannan wurare, yana ƙarfafa tsokar da ke tallafe da kashin baya. Sai dai binciken da cibiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta tattara ya nuna cewa sauƙin da ake samu ba mai yawa ba ne, kuma bai fi na sauran motsa jikin da likitan gashin ƙashi ke koyarwa ba sosai. Numfashi mai zurfi a hankali yana iya ɗan sassauta hawan jini da damuwa, yana kuma gyara barci, amma ko kusa ba ya maye gurbin ƙwayar da kike sha, don haka kada ki ajiye ta.

Batun zaɓi shi ne ya fi muhimmanci a wurinki. Abin da ake kira hatha mai sauƙi shi ne mafari mafi dacewa, domin ana yin sa a natse, ana hutawa tsakanin motsi da motsi. Wanda na fi so miki shi ne tsarin Iyengar, mai ɗauke da sunan malamin da ya kafa shi a birnin Pune na Indiya, wanda ya rasu a 2014. Shi ya shahara da amfani da kujera, bango, matashi da ɗamara domin jiki ya kai inda zai iya ba tare da tilas ba, kuma duk waɗannan kayan kina da su a ɗaki. Tsarin Ashtanga da vinyasa kuwa suna da sauri da tsalle-tsalle, sun fi dacewa da matasa masu ƙarfin gaɓa. Akwai kuma Bikram, wanda ake yi na minti 90 a ɗakin da aka ɗumama har kusan digiri 40. Mu da muka san zafin watan Afrilu ba sai an gaya mana abin da wannan zai yi wa mai hawan jini ba. Tsayuwa da ka ma ki bar wa masu bidiyo, domin juyar da kai ƙasa yana ƙara matsin jini a kai da cikin ido, kuma haɗari ne ga mai hawan jini ko ciwon ido na gilakoma.

Maganar addini kuma ba jita-jita ba ce. Yoga tana da tushe a addinin Hindu, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da rera kalmomin ibada da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana. Saboda irin wannan ne Majalisar Fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008, majalisar malamai ta Indonesiya kuma a 2009 ta haramta wadda ke ɗauke da waɗannan ibadu, yayin da Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A ganina, miƙa baya a jikin kujera da jan numfashi ba sa bukatar kowace irin addu'a ta wani addini, amma hukunci na malamai ne, sai ki tuntuɓi wanda kika yarda da iliminsa.

Kafin ki fara, ki shaida wa likitanki, musamman idan ciwon yana sauka zuwa ƙafa. Ki fara da minti 10 zuwa 15 da safe kafin karin kumallo, sau uku a mako, a kan tabarma ko darduma da ba ta santsi. Jan tsoka kaɗan ba komai ba ne, amma zafi mai suka alama ce ta ki tsaya, kuma kada ki riƙa riƙe numfashi. Idan kika ji ƙafa ta mutu, ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce miki, wannan aikin asibiti ne a ranar. A wurin aiki kuma, ki riƙa tashi daga kan keken bayan kowane rabin awa ki ɗan taka, ko da zuwa bakin ƙofa ne.