Dillalin da ba ya buɗe bakin sa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce shekara uku ke nan kana aikin nemo wa kamfanoni ma'aikata a Gombe, kullum lambobin wayar da ka sani kake kira, ga shi maigidanka ya fara ƙorafi cewa fuskoki ɗaya kake kawo masa. Kana tambaya ko ba al'adarmu ba ce mutum ya fara da na gida, kuma ko ya dace ka tsare mai furfura da tambayoyi a wajen tantancewa.

To, aikin nan naka sunansa dillanci, ko da kwamfuta ake yin sa. Kakanka dillalin shanu ne, na sha riƙe masa igiya a kara ina yaro. Ranar da surukinsa ya kawo wani sa na sayarwa, kakan naka ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe ya kama muƙamuƙin san ya buɗe baki ya ƙirga haƙora. Surukin bai ji haushi ba. Da bai duba ba, da mai saye ya daina yarda da shi, la'ada kuwa ta tsaya. Sanayyar da ake faɗa a al'ada lamuni ce: ka tsaya wa mutum ne domin ka gwada shi ka gani. Ba ta taɓa nufin ka rufe ido don kun haɗa unguwa ba.

Saboda haka dattijon nan, ka ba shi kujera, ka kira shi Baba ko Malam, ka sassauta murya, amma ka tambaye shi abin da ya sa ya bar wurin aikinsa na baya, ka kuma jira amsa. Kunya tana wajen yadda ka yi tambayar. Ka ce rannan sunkuyar da kai ka yi har aka tashi, wannan kam tsoro ne ya ari rigar kunya.

Batun lambobin waya kuwa, sabo turken wawa, ka yi haƙuri da kalmar, ni ma ya ɗaure ni. Da aka cire Gombe daga Bauchi a 1996 aka dawo da mu, ofis sabo, tebura babu mutane. Na kawo ɗan abokina akawu ba tare da na sa shi ya haɗa lissafi ko na shafi ɗaya ba. Wata shida ina gyara littafinsa da dare, matata tana zaton taro nake zuwa.

Yau ga jami'ar jiha tun 2004, ga ta tarayya a Kashere tun 2011, duk shekara suna yaye yara. Akwai yaro a Dukku ko Kaltungo da ya fi 'yan jerinka iya aiki, laifinsa kawai ba shi da wanda zai ambaci sunansa a gabanka. Ka hau mota ka je. Ka tsaya a wuraren masu yi wa ƙasa hidima, ka tambayi malamai wane ɗalibi ne ba ya sa su ciwon kai. Kiran farko ga baƙo zai yi maka nauyi a baki, na goma ba za ka ma lura ba.

In 'yan uwa sun yi ƙorafi ka tsallake nasu, ka ce su turo takardu kamar kowa. Wanda ya matsa, ka ba shi lambata. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zan shigo bayan sallar Juma'a.